Fastocin fim na Ghana da aka zana a kan buhun fulawa: gwaninta ce ko abin dariya?

Abban Sadiya:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku buɗe hotunan da na ɗora yanzu, ku dube su da kyau. Fastocin fim ne daga ƙasar Ghana, kuma ba inji ne ya buga su ba, aikin hannu ne da burushi da fentin mai. Abin da aka zana su a kai shi ya fi ɗaure min kai: buhun fulawa. Sai a samo buhunan yadi guda biyu, irin masu cin kilo 50, a farke su, a wanke, a ɗinke wuri guda, a shafe fuska ɗaya da fenti, shi ke nan an samu wurin zane. Wasu in ka juya bayansu, sunan kamfanin fulawar yana nan bai goge ba.

Tushen abin shi ne shigowar bidiyo a shekarun 1980. Mutum zai sayi talabijin da na'urar kaset da janareto ya buɗe gidan kallo a unguwa, ko ya loda su a mota ya riƙa bin ƙauyuka yana nuna fim da dare. Kaset yana zuwa ne ba tare da fasta ba, buga babbar takarda mai launi kuwa sai mai kuɗi. Sai masu gidajen kallo suka koma wajen masu rubuta allon shago, suka ce ku zana mana abin da zai jawo mutane.

Yau ana rataye waɗannan buhunan a gidajen baje kolin zane na Amurka da Turai. Abin da ke ci min rai shi ne, duk inda aka ɗora su a intanet dariya kawai ake yi. Ni kuwa aikin gwanaye nake gani. Ku fa?

Ummu Hanif:
Wa alaikumus salam Abban Sadiya. Ka yi haƙuri, ni ma sai da na yi dariyar. Wannan tsohuwar mai tabarau da ta soka wa wani tsintsiya a ido fa? Wane irin fim ne wannan?

Abban Sadiya:
Fim ɗin barkwanci ne na Amurka, na iyali ma kuwa. Labarin wani uba ne da ya rabu da matarsa, sai ya yi shigar tsohuwa mai raino don ya riƙa ganin 'ya'yansa. Babu wanda aka tsone wa ido daga farkonsa har ƙarshe.

Ɗan Fagge:
To ai ka gama magana da kanka. Sunan wannan abu yaudara. Ka zana jini da gatari da maciji, talaka ya ciro kuɗin da zai ci abinci da shi ya biya, ya shiga ya tarar babu ko ɗaya. In mai shago ya yi wa kayansa irin wannan talla cewa za mu yi algus ne. Don an yi shi da burushi sai ya zama gwaninta?

Baba Aboabo:
Ɗana Ɗan Fagge, bari wanda ya zauna a kan bencin ya ba ka labari. A zangon Kumasi aka haife ni, kuma ina saurayi lokacin da abin nan yake tashe.

Sai ka fara sanin halin da muke ciki. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare, ta yi sama da shekara biyu. Gidajen silima da wuraren kiɗa suka durƙushe. A 1983 ga fari, ga gobarar daji ta cinye gonaki, ga mutanenmu wajen miliyan guda da aka koro daga Najeriya zamanin Shagari sun dawo hannu rabbana. Da aka samu sauƙi, bidiyon nan ita ce nishaɗin da talaka zai iya biya.

Gidan kallon unguwarmu ɗaki ne na kwano da bencina, talabijin tana bisa tebur an ɗora tebur ɗin a kan wani tebur don na baya su hango. Da hantsi za a fito da fastar a kafa ta da ƙusa a jikin bango ta bakin titi, a jingina ƙaramin allo a ƙasa an rubuta lokaci da kuɗin shiga da alli. Mu yara da samari mu taru muna musu, wannan mai ƙwanjin shi zai kashe wancan, a'a wancan ne zai kashe shi. Ina iya tuna wata mai hoton ɗan Cana ya yi tsalle, ƙafarsa ta fi jikinsa tsawo, tafin ƙafar kamar zai fito daga buhun ya same ka. Tsabar ninkewa da buɗewa fentin ya tsattsage a kan layin ninki, gefe guda an yi mata faci da wani ƙyalle, kusurwoyin duk hudar ƙusa. Ta yi yawo gari-gari kafin ta zo mana, ta kuma wuce gaba bayan mu.

Maganar yaudara kuwa, babu wanda bai san ana ƙara gishiri ba. Kamar mai tallar magani ne a kasuwa, kowa ya san bakinsa ya fi maganinsa, amma ana tsayawa a saurare shi don daɗin bakin. Ban taɓa ganin wanda ya fito ya ce a mayar masa da kuɗinsa don babu maciji ba. Faɗan da nake gani shi ne in janareto ya mutu ana tsakiyar fim.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Na ji, amma sabo da abu ba ya mayar da shi daidai.

Baba Aboabo:
Haka ne. Sai dai ka sani sau da yawa mai zanen bai ga fim ɗin ba. Kwalin kaset za a miƙa masa, wani lokacin ma kwalin babu, sai mai gidan kallo ya ba shi labari da baki ya ce gobe nake so. Me zai yi? Dole ya cike giɓin da abin da ke kansa.

Anti Mai Koyar da Zane:
Na daɗe ina jiran a kawo maganar nan a zauren nan. Zane nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina nuna wa ɗalibaina waɗannan fastoci.

Ku bar kallon jinin tukuna, ku kalli yadda aka tsara filin. Mai zanen ya san daga nesa za a hango aikinsa, a gefen titi, cikin rana da ƙura, mutum yana tafe ko yana cikin mota. Shi ya sa yake ƙara girman kai da hannu da makami, ya zuba ja da rawaya a bayan baƙi don su yi tsalle su kama ido. Ku matso da hoton nan na mai bindiga, ku ga yadda aka bi jijiyoyin damtsensa ɗaya bayan ɗaya, aka sa haske a inda tsoka ta kumbura, aka sa inuwa a ƙarƙashi. Wanda bai iya ba ba zai yi wannan ba. Ga rubutun sunan fim, kowane da irin harafinsa, wani yana ɗigar jini, wani yana ci da wuta, duk da hannu.

Sannan ba 'yan a-ci-bulus ba ne. Sana'a ce da ake koya a ƙarƙashin maigida, yaro ya yi shekaru yana wanke burushi da haɗa fenti kafin a bar shi ya taɓa fuska. Suna sa hannu a aikinsu, da yawa har da kwanan wata da sunan gidan kallon da ya ba da aikin. An san su da sunayensu: Joe Mensah, Leonardo, Heavy J, Stoger, D.A. Jasper, Alex Nkrumah-Boateng, da wani da yake sa hannu da Death is Wonder. Masu tara kayan suna bambance hannun wannan da na wancan tun kafin su duba sa hannun.

Wanda yake raina mai rubuta allo ya tuna cewa M.F. Husain, wanda ake lissafawa cikin manyan masu zanen Indiya, da zanen allunan silima a Bambai ya fara cin abinci a ƙarshen shekarun 1930. Chéri Samba na Kwango shi ma allon shago ya fara rubutawa a Kinshasa.

Ummu Hanif:
Anti kin sa na koma na sake kallo. Gaskiya idanun mutumin da ke cikin na uku kamar suna bin ka. Amma wasu kam hannun ya karkace, fuskar ba ta yi kama da ɗan wasan ba ko kaɗan.

Anti Mai Koyar da Zane:
Ƙwarai kuwa ƙanwata, akwai na kirki akwai na gaggawa, kamar kowace sana'a. Matsalar ita ce waɗanda suka fi karkacewa su ake zaɓa a yaɗa, don su ne ke kawo dariya.

Abu Ammar:
Ina neman afuwa, zan shigo ta wata ƙofa. Mu Musulmi ne, kuma maganar zana abu mai rai ba ƙarama ba ce, malamai sun yi bayani a kanta mai tsawo. Ko mun ajiye wannan gefe, ina hikimar kafa hoton yankakken kai da mace rabi tsirara a bakin titi inda yara ke wucewa zuwa makaranta? Baba da kansa ya ce yara ne ke taruwa a gabansu. Ban ga abin yabo a nan ba.

Baba Aboabo:
Malam Abu Ammar, maganarka iyayenmu sun faɗe ta tun a lokacin. A zango an sha dukan yara a kan gidan bidiyo, malaman makarantar allo sun yi faɗa, limamai sun yi wa'azi. Akwai fastocin da mai gidan kallon unguwarmu ba ya kafawa a waje saboda ya san dattawa za su sa a sauke. Ba zan ce maka duk abin alheri ne ba.

Abban Sadiya:
Malam, na girmama ra'ayinka, kuma ba na kiran kowa ya rataya irin wannan a ɗakinsa. Abin da nake cewa, abu ne da ya faru, mutane dubbai suka rayu da shi, kuma yana nuna mana abin da ke tsorata mutanen wancan lokaci da abin da ke burge su. Dubi fastocin finafinan Ghana da na Najeriya a cikinsu: matsafa, kuɗin tsafi, mutum ya rikiɗe ya zama maciji, fasto yana korar aljani. Wannan ai tarihin zuciyar jama'a ne a shekarun da kuɗi ya yi wuya, kowa yana zargin mai arzikin dare ɗaya.

Abu Ammar:
A matsayin tarihi na yarda a adana, a yi nazari. Yabo ne ban yarda da shi ba. Kuma ku lura magabatanmu sun ƙawata gini ba tare da sun shiga wannan ba. Je ka tsohon birnin Zariya ko Kano ko Damagaram ka ga zanen bango, dagi da zayyana iri-iri, ido ya ƙoshi.

Ɗan Fagge:
Ni yanzu tambayata ta koma kan kuɗi. Abban Sadiya ya ce suna Amurka da Turai. Ta yaya suka je, kuma wa ya ci ribar?

Abban Sadiya:
Wajen ƙarshen shekarun 1990 kasuwar ta mutu. Talabijin ta shiga gidaje, faifai ya maye gurbin kaset, buga fasta da inji ya yi araha. Buhunan suka koma ajiya, wasu suka ruɓe. Masu zanen suka koma rubuta allon aski da na gyaran gashi da na coci. A daidai lokacin ne dillalan kayan zane daga waje suka fara bi suna saye. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Ernie Wolfe, mai gidan baje koli a Los Anjalis, ya tara da yawa har ya fitar da littafi a kansu. A 2019 gidan adana fastoci na Poster House da ke birnin Niyok ya yi musu baje koli na musamman. Akwai kuma Deadly Prey Gallery a Shikago, wanda Brian Chankin ya kafa tare da abokin aikinsa Robert Kofi da ke Akara, su suna karɓar oda daga masu so su miƙa wa masu zanen a Ghana su zana sabbi. Tsofaffin na asali kuwa, masu faci da hudar ƙusa irin wadda Baba ya kwatanta, kuɗinsu yana kamawa daga ɗaruruwan dala har dubbai.

Ɗan Fagge:
Ka ji ba. Buhun da aka biya mai zanensa abin da bai taka kara ya karya ba, yau dubban dala. Kuma tsohuwar fastar ai ba a hannun mai zanen take ba, tana hannun mai gidan kallo, don haka ko sisi ba zai gani ba in an sake sayarwa. Labarin jakar Ghana-must-go ne ya dawo. Jakar da 'yan gudun hijira suka zuba tsummokaransu a 1983, a 2007 kamfanin Louis Vuitton na Faransa, mai kayan sawa masu tsada, ya fito da mai irin zanenta a wajen nunin kayan ƙawa. Abin talaka ba ya daraja sai ya tsallaka teku.

Anti Mai Koyar da Zane:
Rabin maganarka gaskiya ce ɗan'uwa. Amma ka tambayi kanka, da ba a saye su ba ina suke yanzu? Da an yi shimfiɗar shanya da su, ko an toshe yoyon rufi. Mu da muke kusa ba mu adana ba. Kuma odar da ake kawowa yanzu ta mayar da burushi hannun mutanen da inji ya kora daga sana'a.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Da can mai zanen yana zana wa maƙwabcinsa ne, yana so ya tsorata shi ko ya burge shi har ya biya kuɗin shiga. Yanzu yana zana wa wani a Amurka da ya turo oda yana cewa a ƙara jini, a ƙara abin mamaki, don ya rataya a falo abokansa su yi dariya. Hannun ɗaya ne, fentin ɗaya ne, amma aikin ya canja. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi yawo a intanet sabbi ne, ba su taɓa kwana a bangon gidan kallo ba. Sai mai kallo ya ɗauka haka mutanen Ghana suka fahimci fim ɗin, alhali shi ne ya yi odar haukan da kuɗinsa.

Abban Sadiya:
Anti, wannan ita ce maganar da na kasa fitarwa tun farko. Allah ya saka da alheri.

Yarima Nima:
Tunda ana maganar Ghana, kun san akwatunan gawa na 'yan ƙabilar Ga? A Teshi, gefen Akara, kafintoci suna sassaƙa akwati mai siffar kifi don masunci, mai siffar mota don direba, har mai siffar ɗan itacen koko don manomi. Kane Kwei ne ya yi suna da su, ya rasu a 1992, sai Paa Joe da ya koya a wurinsa. An kai aikinsu babban baje kolin da aka yi a Faransa a 1989, wanda Chéri Samba da Anti ta ambata shi ma yana ciki.

Ummu Hanif:
Inna lillahi. Mu dai likkafani ya ishe mu. Yarima ka buɗe wa wannan nasa zaren daban, zai yi tsawo.

Ɗan Fagge:
Wata tambaya. Me ya sa mu a Kano ba a yi irin wannan ba? Ai mun yi gidajen silima, Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba, Wapa. Finafinan Hausa na bidiyo ma tun 1990 aka fara da Turmin Danya.

Direban Dawanau:
Silimun Kano fastocinsu bugaggu ne, tare da fim ɗin suke zuwa, musamman na Indiya. Na finafinan Hausa kuma hotunan 'yan wasa ake haɗawa a kai wa masu ɗab'i. Amma kada ka ce ba mu da namu. Namu yana jikin mota.

Na yi yaron mota a gingimari mai bodin katako kafin na karɓi tuƙi. In an gama haɗa bodi ba a fita da mota haka tsirara, sai an kira mai zane. Wanda ya yi wa motar maigidana wani dattijo ne siriri, gwangwanayen madara ne mazubin fentinsa, yana da sanda mai ƙullin tsumma a kai da yake dogara hannunsa a kanta don kada ya yi rawa. A ƙyauren baya ya zana zaki ya danne barewa, gefe da gefe ɗawisu biyu, kowane gashin wutsiya sai da ya ɗiga masa ido da bakin tsinke. A goshin motar ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki". Tun daga nesa in ta doso tasha, 'yan dako sun san motar wa ce. Wata za ka ga masallaci da jirgin sama, wata 'yan dambe, wata kaboyi da bindiga biyu, wata "Duniya labari", wata "Sai haƙuri" kawai.

Yanzu bodin ƙarfe ne da sitika. Shagon aski ma da ake zana kawuna a allo kowane da irin askinsa, yanzu fasta ce ta roba da inji ya buga, hoton wani baƙon Ba'amurke, wata shida rana ta cinye ta.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne direba. Motocin da ke ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina haka suke da. Har yanzu akan ga ɗaiɗaiku, amma duk sun tsufa, fentin yana ɓarewa.

Abu Ammar:
Rubutun jikin motocin nan kam ina son su. Sau da yawa wa'azi ne a taƙaice.

Anti Mai Koyar da Zane:
Direba, ka san sunan dattijon?

Direban Dawanau:
Da laƙabi kawai muke kiransa, kuma bai sa hannu a jikin motar ba. Motar ma an daɗe da sayar da ita, bodin an yi itacen girki da shi.

Anti Mai Koyar da Zane:
Ka ga bambancin. Na Ghana sun rubuta sunansu a ƙasan buhu, shi ya sa yau ake kiran Joe Mensah da Heavy J a Niyok. Namu ko a Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ban taɓa cin karo da ƙyauren gingimari ko allon mai aski ba.

Abban Sadiya:
To ga shawara. Kowa a nan yana da waya mai kyamara. Duk wanda ya ga tsohuwar mota mai zanen hannu, ko allon aski, ko na mai shayi, ko na mai gyaran rediyo, ya nemi izinin mai shi ya ɗauka. Ya tambayi wa ya zana, a wane gari, wajen wace shekara. In mai zanen yana raye a neme shi a ji ta bakinsa. Zan buɗe kundi a zauren nan mu riƙa zubawa.

Ɗan Fagge:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. In wani ya ga hoto ya ce yana son a zana masa, a haɗa shi da mai zanen kai tsaye su yi cinikinsu. Ban da ɗan kamasho a tsakani.

Direban Dawanau:
Ranar Alhamis ina da lodi, akwai tsofaffin motoci biyu da ke kwana a bayan tasha, ɗaya da zanen mikiya ta ɗauko maciji. Zan ɗauko. Anti, gaba ɗaya motar ake ɗauka ko zanen kawai?

Anti Mai Koyar da Zane:
Duka biyun. Ka fara da motar gaba ɗaya, sannan ka matsa kusa har a ga sawun burushi. Ka je da safe kafin rana ta yi ƙarfi, kuma ka duba can ƙasan ƙyauren ta dama, wasu masu zanen a nan suke ɓoye sunansu ko na garinsu.